Mai rajista ya ce ya rasa imel da layin wayarsa, yana so in mayar masa da asusunsa: ta yaya zan tabbatar shi ne?

Mai Darussa, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shafi a intanet inda nake sayar da darussan bidiyo na lissafi da kimiyya ga ɗalibai masu shirin jarrabawar JAMB da WAEC, kuma mutum yakan biya kuɗin wata uku ko na shekara kafin a buɗe masa darussan. Wanda ya manta kalmar sirrinsa yana da hanyar da kowa ya sani: ya rubuta adireshin imel ɗinsa, a aika masa da mahaɗi, ya latsa ya zaɓi sabuwa. Wannan ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Damuwata tana ga masu biyowa ta WhatsApp suna cewa imel ɗin ma ba ya hannunsu.

Shekaranjiya Talata wani ya turo mini saƙo daga lambar da ba ta cikin rajistata. Ya ce shi ne mai wani asusu da aka biya wa kuɗin shekara, cewa an zare masa waya a tasha makonni uku da suka wuce, layin ya tafi da ita, imel ɗin kuwa wani yaro ne ya buɗe masa a shagon kwamfuta, bai ma taɓa riƙe kalmar sirrinsa ba. Ya faɗi cikakken sunan da ke kan asusun daidai, ya faɗi adireshin imel ɗin ba kuskuren harafi ko ɗaya, ya kuma turo hoton rasit mai ɗauke da adadin kuɗin da ranar da aka biya, duk sun yi daidai da abin da ke wurina.

Abin da ya sa na dakata abu uku ne. Da na duba bayanan shiga, sai na ga an kalli darasi a asusun kwana huɗu da suka wuce, alhali ya ce rabonsa da shi tun ranar da aka sace wayar. Na kuma ga an nemi sauya kalmar sirrin asusun sau bakwai a dare ɗaya, tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu. Sannan yana ta azalzala, yana cewa jarrabawa ta matso, in turo masa tsohuwar kalmar kawai ko in sauya imel ɗin zuwa wani sabo da ya ba ni. Jiya har ya fara cewa na ci masa kuɗi, zai fallasa ni a Facebook.

Idan shi ne na hana shi, na danne haƙƙin ɗalibi ana dab da jarrabawa. Idan ba shi ba ne na ba shi, na ci amanar wanda ya biya. Masu irin wannan sana'a, yaya kuke yi?

Injiniyan Manhaja

Wa alaikumus salam Malam. Ka yi daidai da ka dakata, kuma kada ka sauya imel ɗin yau ko gobe, komai zafin maganarsa.

Duk abin da ya kawo maka abu ne da ake iya sani, ba abin da mai asusu kaɗai ke riƙe da shi ba. Suna da adireshin imel abokin ajinsa ya san su. Hoton rasit kuwa, wanda aka taɓa tura wa shi yana da shi, mai shagon da aka biya kuɗin a wurinsa yana da shi, kuma wanda ya iya gyaran hoto zai haɗa irinsa kafin shayi ya huce. Akwai wani lamari da ake yawan kafa misali da shi a wannan fanni. A watan Agusta na 2012 wasu suka ƙwace asusun wani ɗan jarida na mujallar Wired a Amurka, Mat Honan, ba tare da sun fasa kalmar sirrinsa ba. Waya suka yi ta bugawa. Sun yaudari masu amsa kira na Amazon har suka ga lambobi huɗu na ƙarshe na katinsa, sannan suka kira Apple suka karanta waɗannan lambobi tare da adireshin gidansa, aka ba su kalmar sirri ta wucin gadi ta asusunsa na Apple. Daga nan suka goge duk abin da ke cikin wayarsa da kwamfutarsa, har da hotunan 'yarsa. Ma'aikacin da ya amsa kiran yana ganin taimakon mai ciniki yake yi, kamar yadda kake son yi yanzu.

Abin da za ka fara yi shi ne ka nemi mai asusun ta hanyoyin da shi da kansa ya ba ka ranar rajista. Ka aika da saƙo zuwa tsohon imel ɗin, ka kira tsohuwar lambar, ka kuma sa sanarwa a cikin asusun wadda duk wanda ya shiga zai gani, cewa wani ya nemi a sauya imel ɗin wannan asusu, idan ba da saninka ba ne ka tuntuɓe mu. Sai ka sa wa'adi, ni nakan sa kwana biyar zuwa bakwai. Tunda an shiga asusun kwana huɗu da suka wuce, akwai alamar wani yana amfani da shi, kuma zai ga sanarwar. Mai gaskiya yakan yi gunaguni ya jira, mai yaudara kuwa babu abin da ya ƙi jini kamar a sanar da mai kaya. Kuma kada ka faɗa wa mai saƙon abin da ka gani a bayanan shiga, domin idan ka ce masa an shiga ranar kaza, ka ba shi abin da zai gyara labarinsa da shi.

Batun ya ce ka turo masa tsohuwar kalmar ya sa ina so in yi maka tambaya: kana iya ganinta? Idan kana iya buɗe rumbun bayananka ka karanta kalmomin sirrin mutane, to wannan ya fi matsalar mai saƙon girma. Ba a ajiye kalmar sirri yadda take. Ana markaɗe ta ne da lissafi irin bcrypt ko Argon2, ta yadda shafin zai iya gane an rubuta ta daidai amma ba wanda zai iya dawo da ita, har kai mai shafin.

Game da neman sauyi sau bakwai a dare ɗaya, wannan shi kaɗai ba ya buɗe komai, tunda mahaɗin tsohon imel yake tafiya. Amma ka taƙaita shi, kamar sau uku a awa ga kowane asusu. Kada ka rufe asusu saboda yawan nema, in ba haka ba duk wanda ke jin haushin wani zai iya sa a rufe masa. Mahaɗin ya zama na amfani sau ɗaya, ya mutu cikin minti talatin ko awa ɗaya, kuma da zarar an sauya kalma a fitar da duk na'urorin da ke ciki a aika da sanarwa. Amsar da shafin ke bayarwa ma ta zama iri ɗaya ko imel ɗin yana cikin rajista ko ba ya ciki, don kada a riƙa gwada adireshi ana gano su wane ne masu biyanka.

Tsohon Ma'aikacin Banki

Na yarda da Injiniya, zan ƙara abin da na koya a shekarun da na yi a teburin sauraron koke. Kai kana da wata hujja da shafukan kyauta ba su da ita, wato sawun kuɗi. Maimakon ka tambaye shi abin da ya sani game da biyan, ka sa shi ya maimaita biyan. Ka ce ya turo naira ɗari daga asusun banki ko katin da aka biya kuɗin farko da shi, za ka mayar masa. Ko an sace masa waya, asusun bankinsa yana nan, yana iya shiga reshe ya yi tiransifa. Idan kana karɓar kuɗi ta kamfanonin biyan kuɗi na intanet irin su Paystack ko Flutterwave, shafinka na can yana nuna sunan banki da lambobi huɗu na ƙarshe na katin da aka yi kowane biya da shi, sai ka kwatanta sabo da tsoho. Sharaɗi ɗaya ne: ka duba da idonka a shafinka ko a bayanan bankinka. Kada ka karɓi hoton alat daga gare shi, alat na bogi ya zama ruwan dare a kasuwanninmu.

Sai kuma in ja kunne a kan dogaro da lambar waya ita kaɗai. Mutane suna ganin idan an tura lambar tabbaci ta saƙon tes an gama, alhali layi yana sauya hannu ta hanya biyu. Akwai masu zuwa su yi wa layin wani welkam bak da bayanan ƙarya, layin ya mutu a wayar mai shi ya tashi a tasu. Wannan ya sami har shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, a 2019. Haɗa layi da lambar NIN da aka fara tilastawa a ƙarshen 2020 ya ƙara wa abin wuya, amma bai kashe shi ba. Akwai kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani ya karɓe ya sayar wa wani. Na taɓa ganin wanda ya sayi sabon layi yana samun saƙonnin asusun wani bawan Allah da bai taɓa sani ba. Saboda haka idan ka kira tsohuwar lambar, kada ka fara da faɗin sunan mai asusun. Ka tambayi wanda ya ɗauka sunansa, ka bar shi ya faɗa.

Barazanar da yake yi maka kuwa kada ta girgiza ka. Mun ga masu rantsuwa da Alƙur'ani, mun ga masu kuka, mun ga masu cewa ba ka san ko ni wane ne ba. Wasunsu masu gaskiya ne, amma dabarar ɗaya ce, a sa ma'aikaci ya ji kunya ko tsoro ya tsallake mataki. Kamfanin otal-otal na MGM a Amurka ya ce ya yi asarar kusan dala miliyan 100 a harin da aka kai masa a Satumbar 2023, kuma rahotanni sun nuna cewa an shiga ne ta hanyar kiran masu taimakon ma'aikata a waya da sunan wani ma'aikaci. Ka amsa wa mai saƙon da ladabi, a rubuce, ka ce wannan ƙa'ida don kare kuɗinsa aka yi ta.

Hajiya Mai Littattafai

Sallama gare ku. Ni littattafan Hausa nake sakawa a shafina, masu karatu suna biyan kuɗin wata, kuma mafi yawansu mata ne. Shawarar Baba Tsohon Ma'aikaci tana da kyau, amma da zan bi ta yadda ya faɗa, da na kori rabin masu gaskiyata. A cikin masu biyana, ƙalilan ne suka biya da katin kansu. Wata mijinta ne ya tura, wata ƙaninta, wata kuma ta ba yaro kuɗi ya kai wa mai POS na bakin layi. Idan na ce mata ta sake turowa daga asusun farko, asusun mai POS ne, kuma shi zai tura wa duk wanda ya miƙa masa naira ɗari da ladansa. Labarin cewa wani ne ya buɗe wa mutum imel ma ba abin mamaki ba ne a wurinmu, kullum ina jinsa, kuma galibi gaskiya ne.

Abu na biyu, wanda ya biya ba lallai ne shi ke da asusun ba. Bara wani mutum ya zo mini da hujja cikakkiya, kuɗin daga asusunsa suka fito, ya kuma nuna zai iya sake turowa a take. Ya ce asusun matarsa ne, ta manta kalmar sirri. Allah ya taimake ni na kira lambar da ke kan asusun. Ashe sun rabu wata biyu da suka wuce, tana gidansu, shi kuma so yake ya shiga ya karanta saƙonnin da take yi da sauran masu karatu a zauren hira na shafin. Muryarta har rawa take yi da na faɗa mata. Da na bi sawun kuɗi kawai, da na miƙa masa.

Tun daga nan na raba abu biyu da a da nake haɗawa. Akwai kuɗin da mutum ya biya, akwai kuma asusun da abin da ke cikinsa na saƙonni da lambar waya da tarihin karatu. Idan wani ya zo da labari mai kama da gaskiya amma na kasa tabbatarwa, ba na ba shi tsohon asusun. Sabo nake buɗe masa fanko, in sa masa ragowar watannin da yake iƙirari, in bar tsohon yadda yake har wa'adi ya cika. Idan ba wanda ya motsa a tsohon, sai in rufe shi. Idan wani ya fito ya ce nasa ne, sai in rufe sabon. Mafi munin abin da zai same ni shi ne wani ya karanta littafi kyauta na mako ɗaya ko biyu, kuma wannan asarar tawa ce, zan iya ɗauka. Kai ma Malam, darasin bidiyo kake sayarwa, ba ajiyar kuɗi kake yi ba. Ka buɗe wa yaron nan sabon asusu na kwana bakwai ya ci gaba da karatunsa, bakinsa ya mutu a kan zancen jarrabawa, kai kuma ka yi bincikenka a natse.

Mai Darussa, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, kalmomin sirrin a markaɗe suke da bcrypt, ba na iya ganinsu. Hajiya, wannan dabara ba ta taɓa zo mini ba, kuma yanzu na buɗe masa na kwana bakwai. Tambaya ɗaya ta rage: ya dace in ce ya turo hoton katin shaidarsa ko takardar NIN, ko kuma in ƙara tambayoyin sirri a wajen rajista, irin su sunan mahaifiya ko garin haihuwa?

Injiniyan Manhaja

Duka biyun ba na ba ka shawara. Katin shaida yana amfani ne idan kana da abin da za ka kwatanta shi da shi, kai kuwa ba ka karɓi hoton kowa ranar rajista ba, don haka abin da zai nuna maka kawai shi ne akwai mai wannan suna a duniya. Sannan ka jawo wa kanka nauyi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa mai tara bayanan mutane alhakin kada ya karɓi fiye da abin da yake bukata, kuma idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ana so ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 da saninsa. Tarin hotunan NIN a cikin WhatsApp ɗin wayarka abu ne da ba ka so a same ka da shi ranar da taka wayar ta ɓata. Ka lura kuma cewa miƙa asusun wani ga wanda ba shi ba, shi ma fitar da bayanai ne.

Tambayoyin sirri kuwa an daɗe da dawowa daga rakiyarsu. A 2008 wani ɗalibi ya shiga imel ɗin Yahoo na Sarah Palin, 'yar takarar mataimakin shugaban Amurka a lokacin, ta hanyar amsa tambayoyi irin su ranar haihuwarta da inda ta haɗu da mijinta, duk ya samo su a intanet. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, a ƙa'idojinta na 2017 ta ce a daina dogaro da irinsu. A wurinmu abin ya fi sauƙin fasawa, domin duk unguwa an san sunan mahaifiyar mutum da garinsu, kuma wanda ya fi yawan neman shiga asusun mutum na kusa da shi ne, kamar yadda labarin Hajiya ya nuna.

Abin da ya fi shi ne ka gyara rajistar. Ka tabbatar da imel da lambar waya duka tun ranar farko, ka nemi lamba ta biyu ta wani na gida, ka kuma ba kowane mai biya wata lambar ceto da zai rubuta a takarda ya ajiye don ranar da ya rasa imel da layi, wadda ba a aikawa ta WhatsApp. Idan kana da yaran da ke taya ka amsa saƙonni, ka cire musu ikon sauya imel gaba ɗaya, ya zama kai kaɗai, kuma duk sauyin da ka yi ka rubuta ranar da dalilin da hujjar da ka gani.

Mai Darussa, Zariya

Ga yadda ta kaya. Da yammacin jiya na kira tsohuwar lambar, ta shiga, wani saurayi ya ɗauka, na tambaye shi sunansa ya faɗi wanda ke kan asusun. Wayarsa tana hannunsa, ba a taɓa sace ta ba. Da na ce wani ya nemi a sauya imel ɗinsa, sai ya yi shiru, can ya ce ya san ko wane ne. Abokinsa ne, sun haɗa kuɗin shekarar rabi da rabi suna amfani da asusu ɗaya, suka sami saɓani, shi kuma ya sauya kalmar sirri ya bar abokin a waje. Rasit ɗin na gaske ne, tun ranar biya ya tura masa.

Na koma wa mai saƙon na ce mai asusun ya amsa kira, don haka ba zan sauya komai ba. Bai musa ba, sai ya koma cewa rabin kuɗinsa fa. Na ce masa wannan tsakaninsu ne, asusu na wanda sunansa da lambarsa ke kai ne, kuma ƙa'idar shafin ma ta hana mutum biyu amfani da asusu ɗaya. Na bar masa na kwana bakwai ɗin ya ƙarasa, na kuma ce idan yana so ya buɗe nasa zan yi masa ragi a kan kuɗin wata uku, tunda jarrabawar dai da gaske ta matso. Har yanzu bai ba ni amsa ba. Lambar ceto da lamba ta biyu kuwa na ba wanda ke kula mini da shafin aikinsu, ya ce zuwa ƙarshen mako mai zuwa za su fara aiki ga sababbin masu rajista, tsofaffin kuma za a nemi su cike idan sun zo sabunta biya.